Yadda za ka kulle akawun ɗinka da lambar nan mai canzawa duk sakan 30

Kalmar sirri ita kaɗai ba ta isa ba yanzu, gaskiya. Da yawanmu kalma ɗaya muke sawa a imel da Facebook da ko'ina, to ranar da aka fasa wani shafi aka kwashe bayanan jama'a, shikenan ɓarawo zai bi sauran akawun ɗinka yana gwadawa ɗaya bayan ɗaya har ya dace. Abin da zai tsayar da shi shi ne ka ƙara mataki na biyu, wato lambobi shida da ke fitowa a wayarka suna canzawa duk bayan sakan 30, ana ce musu TOTP.

Saitawa ba wuya. Ka sauke manhaja irin Google Authenticator ko Microsoft Authenticator, ko Aegis in Android kake riƙe da ita. Sai ka shiga saitin akawun ɗin, ɓangaren tsaro, ka nemi wajen tabbatarwa mai mataki biyu, ka zaɓi ta manhaja. Zai fito maka da hoton QR, murabba'in nan mai ɗigo-ɗigon baƙi da fari, yawanci kusa da shi akwai wasu haruffa da lambobi a jere. Buɗe manhajar, danna alamar ƙari, haska kyamara a kan hoton. Nan take lamba za ta bayyana da ɗan ƙirgen lokaci a gefe yana zaizayewa, ka kwafe ta a shafin kafin ya ƙare, an gama.

To amma ka fahimci abin da ya faru, don nan ne mutane ke yin sakaci. Hoton nan mabuɗi ne na sirri a cikinsa, kuma daga lokacin da ka haska shi wayarka na da kwafi, kamfanin da ke da shafin ma na da kwafi. Kowannensu yana duba agogo, ya ƙirga sakan nawa suka wuce tun 1 ga Janairun 1970, ya raba da 30, ya haɗa da mabuɗin ta wani lissafi da ake kira HMAC, ya yanko lambobi shida daga sakamakon. Tunda mabuɗi ɗaya ne agogo ɗaya, amsa ɗaya za su samu ba tare da sun yi magana da juna ba, shi ya sa ko babu data ko babu sabis lambar na fitowa. Tsarin ba mallakar wani kamfani ba ne, ƙungiyar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ce ta fitar da shi a 2011 da sunan RFC 6238, don haka kowace manhaja a cikinsu za ta yi maka aiki.

Wannan ne ya sa na fi yarda da ita a kan lambar da ake turowa ta tes. Ita ta tes, in wani ya yaudari kamfanin layi aka mayar masa da lambarka kan sabon sim, shi saƙon zai riƙa zuwa wa.

Yanzu ga abin da nake roƙonka kar ka tsallake. Bayan ka gama, yawancin shafuka za su ba ka lambobin ko-ta-kwana, kowace sau ɗaya take aiki, ka rubuta su a takarda da hannunka ka adana inda kake ajiye muhimman takardunka, saboda ranar da waya ta ɓata ko ta faɗa ruwa su ne za su shigar da kai, in babu su kuwa za ka sha wahala sosai kafin a yarda kai ne mai akawun ɗin, wani lokaci ma ba za a yarda ba. Kuma kar ka ɗauki hoton QR ɗin ka bar shi cikin hotunanka, duk wanda ya same shi zai riƙa fitar da lambobi iri ɗaya da naka kai ba ka sani ba. Tun 2023 Google Authenticator na iya ajiye mabuɗan a akawun ɗinka na Google, yana da sauƙi kam, sai dai ka tabbata shi wannan akawun ɗin a kulle yake gam. In za ka sayar da waya ko ka goge ta, ka fara kwashe mabuɗan zuwa sabuwar wayar tukuna.

In ka sa lamba daidai ana ta ce maka ba daidai ba, duba agogon wayar, ka mayar da shi ya riƙa saita kansa.

Akwai inda wannan tsaron bai kai ba. In aka turo maka shafin bogi mai kama da na gaske ka rubuta kalmar sirri da lambar a ciki, ɓarawon zai yi wuf ya yi amfani da ita kafin ta mutu. Don haka ka riƙa duba adireshin shafi kafin ka rubuta, kuma duk wanda ya kira ka ya ce karanto min lambar da ke wayarka, ko daga ina ya ce yake, katse kiran. Mai son abin da ya fi wannan ƙarfi sai ya nemi 'yar na'urar tsaro da ake haɗawa da waya ko kwamfuta irin YubiKey, ita ba ta amsa wa shafin bogi.

Ka fara da imel ɗinka yau, tunda ta can ake canza kalmar sirrin kusan duk sauran akawun ɗin.