Kurakuran da aka fi yi wajen sauya tsofaffin bututun ruwa a benayen kasuwanci

Duk wanda ya saba shiga tsofaffin benayen Fagge ko Sabon Gari a Kano ya san warin danshin nan na ƙarƙashin matattakala. Da yawansu bututun ƙarfe aka sa musu tun farko, tsatsa kuma ta ci cikinsu. Na taɓa riƙe wani da aka yanko daga bango: a waje inci ɗaya ne, amma ramin da ya rage ko fensir ba zai shiga ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne faci. Mai gini ya ce a canza inda ke yoyo kawai, a jona sabuwar roba da tsohon ƙarfe. Ba a jima ba sai gaba kaɗan ya fashe, a sake fasa bango, ɗan haya yana kwashe atamfofinsa a jiƙe sharkaf. A sauya layin gaba ɗaya, daga tanki har famfon ƙarshe. In kuɗi bai kai ba, a bi hawa-hawa, kowane hawa a gama shi tsaf a sa masa makullinsa, kada gyaran banɗaki ɗaya ya hana dukan bene ruwa.

Sai zaɓen bututu. PVC, wato bututun roba na yau da kullum, ba ya jure ruwan zafi, don haka layin zafi na otal ko gidan abinci PPR, wani nau'in bututun roba mai jure zafi, ya dace da shi. Wanda zai bi waje a rufe shi ko a yi masa fenti, domin rana na sa shi tsagewa.

Bututun masai yana son gangara, kamar santimita 2 a kowace mita, da bututun iska da zai wuce rufi. In babu shi, wari shaguna zai dawo. Sokawe kuma a nisanta shi da rijiya ko burtsatse, mita 30 ake ba da shawara.

Idan aikin zai taɓa ginshiƙi ko dakin (kankaren da ke tsakanin hawa da hawa), ko za a ƙara banɗakuna, a nemi izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, kafin a ɗaga guduma, kuma injiniya ya duba.

Kada a yi filasta sai an gwada. A cika layin da ruwa, a toshe bakunan, a bar shi ya kwana, da safe a bi kowace mahaɗa da busasshen hannu.