Kurakuran da muka fi yi kan rana, wata da taurari

Duk shekara idan bazara ta kama a Tawa, nakan yi wa ɗalibaina tambaya ɗaya: me ya kawo wannan zafi? Amsar ba ta canzawa. "Mushe, duniya ce ta matso kusa da rana." Ba yara kaɗai ba, na sha jin ta a bakin manya a fadar shayi. Magana ce mai shiga kunne, tunda kowa ya san wanda ya matsa kusa da murhu ya fi jin wuta. Sai dai awo ya ƙi ta. Duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, kimanin kilomita miliyan 147, daidai lokacin da muke ƙudundune cikin bargo saboda hunturu. Ta fi nisa a farkon Yuli, kilomita miliyan 152. Abin da ke juya lokutan shekara shi ne duniya a karkace take zagaya rana, karkatar kusan digiri 23 da rabi, shi ya sa wani lokaci hasken ya sauko mana a tsaye, wani lokaci a kaikaice.

Kada ka yarda don ni na faɗa. Nemi sanda mai tsawon mita ɗaya, ka kafa ta a miƙe a tsakar gida, ka riƙa auna inuwarta da tsakar rana. A ƙarshen Disamba za ka samu wajen santimita 80, ta kwanta arewa. Daga nan sai ta yi ta ja da baya, har a ƙarshen Afrilu ta shige ƙarƙashin sandar ta ɓace. A Yuni ta ɓullo ta kudu, ƴar guntuwa, wajen santimita 15. A tsakiyar Agusta ta sake ɓacewa, amma wannan karon gajimare da ruwan damina sun kashe kaifin ranar. A nan ma akwai tarko: mutane na fita da ƙarfe 12 cif su ce tsakar rana ce. Agogon Nijar an ɗaura shi ne a kan wani layi da ke can gabas da mu, don haka a Tawa rana ba ta kai ƙololuwa sai wajen 12 da minti 40, a Yamai kuwa sai kusan ƙarfe ɗaya saura minti goma, da ɗan gaba da baya bisa ga wata. Jira inuwa mafi gajarta, ita ce tsakar ranarka.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na gabas. Baƙo ya sauka, ya ga inda rana ta fito, ya shimfiɗa darduma. To rana ba ta da ƙofa ɗaya. Sau biyu kawai a shekara take fitowa daga gabas sak, wajen 20 ga Maris da 23 ga Satumba. A Yuni tana zamewa arewa da kusan digiri 24, a Disamba ta zame kudu da kwatankwacin haka. Alƙiblar Tawa kuwa ta karkata arewa daga gabas da kimanin digiri 16. Wanda ya bi fitowar rana cikin hunturu ya kauce da kusan digiri 40. Gyaran ba ya bukatar waya ko na'ura: ranar 27 ko 28 ga Mayu, da ƙarfe 10 da minti 18 na safe agogon Nijar, rana tana tsaye a kan Ka'aba. Duk wanda ya fuskanci rana a wannan lokaci ya fuskanci alƙibla. Ja layi a ƙasa bisa inuwar sandarka, ka ajiye.

Sai wata. Da yawa na zaton inuwar duniya ce ke cinye shi har ya koma jinjiri. A'a. Kullum rabin wata na shan hasken rana, mu ne muke kallonsa ta kusurwa daban daban cikin kwana 29 da rabi. Duba shi daren 7 bayan magariba: gefen da ke haske yana kallon yamma, inda rana ta faɗi. Inuwar duniya ba ta taɓa shi sai lokacin husufi, shi ma sai wata ya cika, daren 14 ko 15. Muna yara mukan fito da gwangwanaye muna kiɗa wai rana ta kama wata, alhali a wannan dare rana tana can bayanmu, duniya ce ta gitta tsakaninsu. Husufin rana kuwa sai ƙarshen wata, kamar wanda ya ratsa Nijar ranar 29 ga Maris 2006, a ƙarshen Safar.

Zara matar wata da Gamzaki na asuba, abu ɗaya ne, wato Zuhura. Ba tauraruwa ba ce mai wutar kanta, duniya ce irin tamu mai aron haske. Tana zagaya rana ta ciki da mu cikin kwana 225, ba ta nisa da ita fiye da digiri 47 a idonmu, shi ya sa take yin watanni da yamma, ta ɓace, ta dawo da asuba. In ka ga wani mai tsananin haske a tsakiyar sama da tsakar dare, ba ita ba ce, galibi Mushtari ne, wata duniyar mai zagaya rana. Galileyo ya leƙa Zuhura da madubin hangen nesa a 1610, ya ga tana yin jinjiri tana cikowa kamar wata, abin da tsohon tsarin Baɗlamusu, mai duniya a tsakiya, ya kasa bayyanawa.

Akwai kuma masu cewa da Kofanikus ya sa rana a tsakiya a 1543 shi ke nan magana ta ƙare. Ina! Lissafinsa bai fi na da dacewa da sama ba sosai, don shi ma ya nace cewa hanyar duniyoyi da'ira ce cikakkiya. Tun kafinsa masana irin su Ibn al-Shaɗir, mai kula da lokutan salla a babban masallacin Dimashƙa a ƙarni na 14, sun yi ta gyaran waɗannan da'irori. Mirrihi, shi ma duniya ce mai zagaya rana, shi ne ya tona asiri. Yana zagaya rana cikin kwana 687, kuma duk bayan wata 26 sai a ga kamar ya juya baya cikin taurari na wasu makonni. Ba juyawa ya yi ba, mu ne muka wuce shi, kamar yadda motar da kuka tsere wa a hanyar Ƙonni take zama kamar baya take yi. Masanin taurari Kefla ya ɗauki awon tafiyar Mirrihi da wani masanin, Tiko Barahe, ya tara shekara da shekaru, ya gina lissafinsa a kan da'ira, ya kusa dacewa. Saura minti 8 na digiri, abin da bai fi kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin wata ba. Da ɗalibaina ne, sai su ce mai awo ne ya yi kuskure, su goge. Shi ya san awon Tiko ya fi ƙarfin irin wannan kuskure, sai ya watsar da aikinsa na shekaru ya sake lale. A 1609 ya fito da sakamako: hanyar Mirrihi kamar zoben da aka ɗan matse take, rana ba ta a tsakiyarta daidai, kuma yana ƙara gudu idan ya matso kusa da ita.