Yadda ɗan Kaduna zai bi jirgin Abuja zuwa Legas ba tare da tikiti ya ƙone masa ba

Duk mai harka tsakanin Kaduna da Legas ya san jiragen da ke tashi kai tsaye daga nan ba su da yawa, kuma sau tari lokacinsu ba ya zuwa daidai da na mai uzurin safe. Tsakanin Abuja da Legas kuwa jirage na ta jigila tun sassafe har dare, kamfani-kamfani, tafiyar kamar awa 1 a sama. Shi ya sa 'yan kasuwa da ma'aikatanmu da dama sukan gangara Abuja su hau daga can. Hanyar tana ɓullewa, amma na ga sababbin shiga da yawa sun yi asarar kuɗin tikiti, kuma kusan dukkansu a wuri guda suke tuntuɓe.

Kafin komai, duba ko akwai jirgin Kaduna a ranar da kake so. Filin namu da ke bayan Mando, wajen Afaka, ba na rainawa ba ne, shi ya karɓi jiragen Abuja har mako 6 a 2017 lokacin da aka rufe filin can don gyaran titin sauka. In lokacin ya yi maka, ko ya ɗan fi tsada ka ɗauka, domin kuɗin jirgin ƙasa da tasi da ɗakin kwana da za ka kashe ta Abuja za su cinye bambancin. Sauran bayanin nan na ranar da bai yi maka ba ne.

Fara lissafi daga Legas, ka biyo baya

Ina za ka a Legas, kuma ƙarfe nawa ake jiranka? Filin Murtala Muhammed a Ikeja yake. Mai zuwa Computer Village sayen wayoyi kusan ya iso da saukarsa. Mai zuwa Alaba a Ojo, ko Apapa wajen fiton kaya, ko Idumota da Victoria Island ta Gadar Third Mainland, ya ware wa gosulo awa 2, in ya samu sauƙi ya gode wa Allah. Daga wannan lokacin ne za ka san jirgin da ya kamata ka hau, daga jirgin kuma ka san lokacin barin Kaduna.

Jirgin da nake sa kowa ya saya shi ne sawun farko na safe. Jirgi ɗaya ne ke zuwa ya dawo, ya sake zuwa, kamar motar hayar Kawo zuwa Zariya: in ta makara a sawun farko, duk fasinjan da ke bayanta ya makara. Jinkirin minti 30 da safe kan zama awa 2 kafin la'asar. Jirgin farko kuwa galibi a filin ya kwana, ba ya jiran isowar kowa. Ka saya a shafin kamfanin ko manhajarsa da kanka, ka sa lambarka da imel ɗinka, saboda in an sauya lokaci can ake turo saƙo. Wanda ya ba wani ya yankar masa, saƙon na zuwa wayar wancan, shi yana nan yana shirin tsohon lokaci. Sunan da ke kan tikiti kuma ya zama daidai da na katin shaidarka. In kati ya ce Muhammad Sani, kada a rubuta Mamman Sani don haka ake kiranka a kasuwa.

Tsakanin Rigasa da kantar jirgi

Nan ne ake faɗuwa. Mutum zai duba ya ga jirgin ƙasan da ke tashi daga tashar Rigasa ta Kaduna na isa tashar Idu ta Abuja ƙarfe kaza, jirgin sama na tashi bayan awa ɗaya da rabi, sai ya ce ai ta yi. Ba ta yi ba. Layin dogon nan da aka buɗe a 2016 ya kai kilomita 186, tafiyarsa ta haura awa 2, kuma lokacin da aka rubuta na isowa ba alkawari ba ne. Bayan an sauka ga turmutsutsun fita, ga cinikin tasi, ga hanyar filin jirgi, ga layin ƙofar shiga. Sannan abin da sabon matafiyi bai sani ba: lokacin tashin da ke kan tikiti ba shi ne naka ba. Kamfanoni sukan rufe kantar tantance fasinja kamar minti 45 kafin tashi. Sai ka ga yaro tsaye da jaka a kafaɗa, gumi na zuba, yana miƙa wa ma'aikaciya waya da tikiti a jiki, ita kuwa ta riga ta tattara takardunta. Ya juya ya buga wa maigidansa a Kasuwar Gumi: "Alhaji, wallahi ko kiran fasinja ba a fara ba, amma sun ce sun rufe." Gaskiya ya faɗa, kuma ba ta da amfani. Tikitin jirgin ƙasa daban, na sama daban, kamfanin jirgi bai san da zaman Rigasa ba. A wurinsu ba ka zo ba ne kawai, kuma sauya maka jirgi sai da tara da cikon kuɗin sabon farashi, wanda a ranar tafiya ya fi tsada.

Saboda haka ga yadda nake yi, kuma ban yarda da wata dabara ba. In jirgin safe ne, a Abuja ake kwana. Ka bi jirgin ƙasa na rana ko na yamma, ka sauka gidan ɗan'uwa ko ka kama ɗaki a Lugbe, wadda ke kan hanyar filin jirgi. Ka yi asuba, ka kama hanya. Kada ka kwana Kubwa ko Nyanya don ɗakin ya fi araha, abin da ka rage a ɗaki za ka biya shi a tasi da tashin hankali. In kuma dole rana ɗaya za ka haɗa su, ka bar awa 4 cur tsakanin isowar jirgin ƙasa da tashin na sama. Na san zaman jira a filin jirgi da gundura, ga abinci da tsada. Ka sa kilishi da biredi a jaka, ka zauna.

Tikitin jirgin ƙasa ta intanet ake yanka, kuma tun da aka dawo da zirga-zirga a Disambar 2022 ana neman lambar NIN. Kujeru kan ƙare da wuri, musamman daren Lahadi zuwa Litinin da kuma Juma'a, don haka da an buɗe sayarwa ka yanka. Tikitin bayan fage da wani zai miƙo maka a bakin tasha da sunan wani, bar shi. Rigasa ma kanta ba nan kusa ba ce ga mazaunin Barnawa ko Unguwar Rimi, ka fito da wuri.

Daga Kaduna, Kubwa za ka fara tarar kafin Idu. Mai zuwa filin jirgi Idu ne masaukinsa. Akwai ƙaramin jirgin ƙasa na cikin Abuja da ya haɗa Idu da filin jirgin Nnamdi Azikiwe, wanda aka sake buɗewa a 2024. In lokacinsa ya zo daidai da saukarka ka huta da kuɗin tasi, amma yana da nasa jadawalin, ka tambaya tun kana cikin tarago. In tasi ce, a gama ciniki kafin jaka ta shiga but, kuma in ka ga wani mai irin jakarka ka tambaye shi ku haɗa kuɗi.

Mai bin mota, lissafinsa ya fi wannan wuya, don ba wanda zai ce maka ga yadda Tafa za ta kasance da tireloli, ko Madalla da Zuba. Da rana ake bin hanyar, ba da dare ba. Daga Zuba a ce wa direba ya bi ta Giri ya faɗa titin filin jirgi, ba sai an kutsa cikin gari ba.

A filin jirgi

Tafiyar kwana ɗaya ba ta buƙatar akwati. Jakar hannu ta isa: kaya kala ɗaya, takardu, caja. Fawa bank a jakar hannu yake zama, ba a yarda ya shiga kayan awo ba, wato kayan da ake aunawa a karɓa a kantar jirgi. Ƙaramar wuƙa ko almakashi kuwa a gida za ka bari, a ƙofar bincike za a karɓe. In kamfanin na ba da damar karɓar katin shiga jirgi ta waya, ka yi tun ana gobe tafiya. Ka yi sallarka kafin ka wuce bincike, sannan ka zauna kusa da ƙofa ka kasa kunne, don ana kiran jiragen Legas bi da bi, kuma lambar jirginka za ka saurara, ba sunan garin ba.

Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu kan hana jirage tashi da sauka, wannan ba laifin kowa ba ne. A waɗannan watanni ina ƙara kwana guda a kan duk wata ganawa mai muhimmanci. In jinkiri ya yi tsawo, dokar NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, ta ba fasinja haƙƙin ɗan abin taɓawa bayan awa 2, bayan awa 3 kuma yana iya neman a mayar masa da kuɗinsa. Hukumar na da jami'an kare haƙƙin fasinja a filin, ka neme su cikin ladabi maimakon ɗaga murya a kantar kamfanin jirgi.

Dawowa

Legas na da tashoshin cikin gida biyu, MMA2 da GAT, ka duba wadda kamfaninka ke amfani da ita kafin ka ce wa direba "filin jirgi". Kada ka sayi sawun ƙarshe na dare. Ka bar kasuwa awa 3 kafin tashi. In ka sayo kaya masu nauyi, ba wa motar dakon kaya ta kawo Kaduna, kuɗin ƙarin awo a jirgi zai cinye ribar. Wanda ya auna kaya ya riƙe 'yar takardar da aka manna masa, akan tambaya a ƙofar fita. Tikitin jirgin ƙasa na komawa kuma ka yanki na washegari da safe, sai dai in jirginka zai sauka Abuja kafin azahar.