Yadda Kirista Zai Kula da Maƙwabta da Manoma a Lokacin Bazara a Zariya

Daga Maris zuwa farkon Mayu zafi yakan kai kusan digiri 40 a Zariya, rijiyoyi su ja baya, 'yan ga-ruwa su ƙara kuɗin jarka. A Matiyu 10:42 Yesu ya yi alkawarin lada ga wanda ya ba da ko da ƙoƙon ruwan sanyi ne, kuma a irin wannan lokaci maganar ba ta bukatar dogon sharhi.

Mataki na farko shi ne sanin waɗanda zafin ya fi gallaza wa. Dattawan ikilisiya da Zumuntar Mata su zauna su lissafa tsofaffi, gwauraye, masu juna biyu da marasa lafiya na unguwarsu, a Wusasa ne ko Sabon Gari ko Samaru, ba tare da tambayar addinin kowa ba. Sannan a raba gidajen, kowa ya san wanda zai leƙa da safe da kuma yamma.

Na biyu shi ne ruwa. Wanda yake da burtsatse ya ware sa'o'in da maƙwabta za su ɗiba kyauta, wanda ba shi da ita ya kafa randa a ƙofar gida. In azumin Ramadan ya faɗo cikin zafi, kamar yadda ya faru a Maris 2025, a aika wa maƙwabci Musulmi ƙanƙara dab da buɗa-baki, ba da tsakar rana ba.

Na uku, a koyi gane haɗari. Wanda ya fita hayyacinsa, jikinsa ya yi zafi rau, a shigar da shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya asibiti. Mai gudawa kuwa a haɗa masa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Zazzaɓi mai haɗe da sanƙarewar wuya alamar sanƙarau ce; a yi addu'a, amma a yi ta a kan hanyar asibiti.

Batun manoma ya fi bukatar natsuwa, domin manomi ba ya son a mai da shi almajiri. Mai noman rani a fadamar Galma, wanda tumatirinsa da albasarsa ke neman ƙonewa, sau da yawa kuɗin man injin ban-ruwa ne ya gagare shi. A fara da gaisuwa, “Baba, ina gajiya, yaya zafi?”, a bari shi ya faɗi damuwarsa, sannan a ba shi rance marar ruwa a asirce, ba a sanar a majami'a ba. A ganina aron inji tsakanin manoma uku ko huɗu ya fi rabon kuɗi amfani. Matasa kuma su yi masa gayya da sassafe, su tashi kafin rana ta take.

Daga nan sai shirin damina. Iyalin da rumbunsu ya yi ƙasa sukan cinye irin shuka, don haka ikilisiya ta tallafa musu da hatsi, ta kuma nemi shawarar malaman gona na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru a kan irin masara mai saurin nuna. A kuma tunatar da masu gaggawa cewa ruwan farko yakan ɗauke na makonni, su jira ƙasa ta jiƙu sosai kafin su zuba iri.