Yadda Ake Sarrafa Haɗin Intanet a Linux ta Hanyar NetworkManager da D-Bus

A shagunan buga takardu da makarantun koyon kwamfuta na zangonnin Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase, ba abin mamaki ba ne a ga kwamfuta ɗaya ta dogara da hanyoyin intanet biyu: Wi-Fi na shago, da modem mai layin MTN ko Telecel da aka tanada domin ranar da aka ɗauke wuta ko data ta ƙare. Sauya hanya da hannu ba ya da wuya idan mai shago yana zaune, amma na'urar da aka bari tana aiki ba kowa a kusa tana buƙatar manhajar da za ta yi sauyin da kanta. A Ubuntu da Fedora da ire-irensu, mai kula da wannan aiki shi ne NetworkManager, wanda kamfanin Red Hat ya fara a 2004, kuma ana magana da shi ne ta D-Bus, wato hanyar da manhajojin cikin kwamfuta ɗaya suke aika wa juna saƙo.

Kowane saƙo yana buƙatar abu huɗu: sunan wanda ake kira, adireshin abin da ake nufi, rukunin umarnin, da shi kansa umarnin. Ka fara da tambayar na'urorin da ke jikin kwamfutar da busctl, wato umarnin da ake aika saƙon D-Bus da shi:

busctl call org.freedesktop.NetworkManager /org/freedesktop/NetworkManager org.freedesktop.NetworkManager GetDevices

Amsar za ta zo da adireshi irin su /org/freedesktop/NetworkManager/Devices/2. Domin ka san wace na'ura ce, ka karanta bayananta da busctl get-property a ƙarƙashin rukunin org.freedesktop.NetworkManager.Device. Interface zai ba ka sunanta, DeviceType kuma nau'inta: 1 waya ce ta Ethernet, 2 Wi-Fi, 8 modem. State yana faɗin halin da take ciki, inda 30 ke nufin ba ta haɗu ba, 100 ta haɗu, 120 kuma yunƙurin haɗin ya ci tura.

Na'ura daban ce, bayanan haɗi daban ne. Sunan Wi-Fi da kalmar sirri da saitin modem duk suna ajiye ne a ƙarƙashin /org/freedesktop/NetworkManager/Settings, kuma ListConnections ne ke jero su. A nan ina gargaɗin mai karatu da kada ya rubuta lambar ƙarshen adireshi a cikin manhajarsa, domin tana iya canzawa idan aka sake kunna kwamfuta ko aka zare modem aka mayar. Abin da ba ya canzawa shi ne UUID na haɗin, wato doguwar lambar shaidarsa, saboda haka a nemi adireshinsa da GetConnectionByUuid, na na'ura kuma da GetDeviceByIpIface, a duk lokacin da za a yi aiki.

Da adireshin biyu a hannu, sai a kira ActivateConnection, a ba shi adireshin haɗin, da na na'urar, da alamar / a wuri na uku idan ba a ware wata tashar Wi-Fi ta musamman ba. Dawowar amsa ba ta nufin an haɗu, tana nufin an fara ƙoƙari ne kawai. Manhaja mai kyau tana sauraren sanarwar StateChanged har na'urar ta kai 100 ko ta faɗa 120, maimakon ta riƙa maimaita tambaya kowane daƙiƙa. Wajen yanke haɗi kuwa akwai DeactivateConnection, akwai kuma Disconnect na na'ura, wanda ke hana ta sake haɗuwa da kanta har sai an umarce ta.

Inda aka fi yin tuntuɓe, a ganina, shi ne ɗaukar 100 a matsayin shaidar cewa intanet tana nan. Idan datar shago ta ƙare da tsakar rana, fitilun na'urar Wi-Fi suna ci gaba da haske, alamar haɗi a kusurwar allo tana cike, amma mai jiran a buga masa takardar neman makaranta yana tsaye shafi ya ƙi buɗewa. Abin dubawa shi ne Connectivity na NetworkManager kansa: 4 intanet cikakkiya, 3 an haɗu amma ba a isa waje ba, 2 akwai shafin shiga da ya tare hanya, 1 babu komai. CheckConnectivity yana sa a sake gwadawa nan take. Sai dai wannan awo yana aiki ne idan an saka adireshin gwaji a sashen connectivity na saitin NetworkManager (fayil ɗin NetworkManager.conf ko fayilolin conf.d), don haka a tabbatar da shi tukuna. Manhajarka ta koma kan modem idan awon ya sauka daga 4 kuma ya daɗe a haka na ɗan lokaci, domin yankewar daƙiƙa biyu ba ta cancanci a ƙona datar da aka saya da sidi ba.

Karanta yawancin bayanai ba ya buƙatar izini, amma canza su yana bi ta polkit, wato tsarin da ke ba da izini ko ya hana. Idan aka ƙi umarninka, kada ka gaggauta ba manhajar ikon root, wato cikakken iko a kan kwamfutar gaba ɗaya. Ka rubuta ƙa'ida a /etc/polkit-1/rules.d da za ta ba asusun manhajar izinin org.freedesktop.NetworkManager.network-control kaɗai.

Wanda yake gyara kwamfutar shagon Kumasi daga Nima a Accra yana cikin haɗari na daban, domin saiti ɗaya da ya kuskure zai yanke hanyar da yake shiga da ita. Kafin ya taɓa komai ya kira CheckpointCreate, ya ba shi jerin na'urorin da adadin daƙiƙoƙi, misali 120. Idan sauyin ya yi kyau kuma har yanzu yana iya shiga, sai ya kira CheckpointDestroy domin sabon saitin ya tabbata. Idan kuwa hanya ta yanke, NetworkManager zai mayar da tsohon saitin da kansa da zarar lokacin ya cika, sai ya sake shiga ya duba inda matsalar take.