Yadda za ka auna jita-jitar dawowar jarumi kafin ka yarda da ita

Tun da kamfanin Warner Bros. ya sanar a watan Mayun 2024 cewa zai yi The Hunt for Gollum, kuma Andy Serkis ne zai ba da umarni ya sake hawa matsayin Gollum, masoya The Lord of the Rings suka shiga lissafin wa zai dawo, wa ba zai dawo ba. Ina cikinsu tsundum. Amma ba kowace magana nake ɗauka ba, ga kuma yadda nake tace su.

Fara da lissafin shekaru a cikin labarin kansa. Fim ɗin da ya koma baya don ya ba da asalin labari yana da matsala guda: mutumin cikin labarin yana ƙara yarinta, wanda ya fito a matsayinsa kuwa yana ƙara tsufa. Sai ka tambayi kanka, shekarar wannan mutumin nawa a lokacin da sabon labarin ya faru? Lokacin da ake shirin The Hobbit, wanda kashinsa na farko ya fito a 2012, mutane sun yi ta cewa Viggo Mortensen zai dawo a matsayin Aragorn. Wanda ya karanta littattafan Tolkien, marubucin waɗannan labarai, ya san labarin The Hobbit ya faru ne shekara 60 kafin na The Lord of the Rings, kuma a lissafin littafi Aragorn yaro ne ɗan shekara 10 a Rivendell. Ko sunansa babu a The Hobbit. Mortensen bai fito ba.

Lissafin nan kuma shi ne ya buɗe wa wasu ƙofa. Galadriel, Elrond da Legolas jinsin da ba ya tsufa ne, Gandalf kuma da farin gemunsa ya zo duniya. Shi ya sa Cate Blanchett, Hugo Weaving, Orlando Bloom da Ian McKellen duk suka koma. Bilbo kuwa, wanda labarin The Hobbit ya ginu a kansa, dole aka nemo masa Martin Freeman, aka bar wa Ian Holm, wanda ya fito a matsayinsa a finafinan baya, ɗan guntun buɗe fim, yana zaune da alƙalami yana rubuta tarihinsa, Elijah Wood, mai fitowa a matsayin Frodo, na kai-komo a gidan. Idan ka ji an ce wane zai dawo alhali lissafi bai ba da haka ba, yi tsammanin irin wannan fitowar ta 'yan mintoci.

Daga nan duba wa ke da haƙƙin mallaka. Shiri mai dogon zango The Rings of Power na Amazon ne, ba na masu finafinan Peter Jackson, daraktan The Lord of the Rings da The Hobbit, ba, don haka a 2022 Morfydd Clark ce ta zama Galadriel, ba Cate Blanchett ba.

Kada ka manta jarumi ɗan Adam ne mai jiki da lafiya. Christopher Lee yana dab da shekara 90 lokacin The Hobbit, tafiya Niyu Zilan, inda ake ɗaukar fim ɗin, ta yi masa nisa, sai aka ɗauki nasa ɓangaren a Ingila. Wannan labarin yana taɓa mini zuciya, don ya nuna idan ana son mutum da gaske akan bi shi har gida. McKellen an haife shi a 1939, saka wannan ma a ma'auninka.

Musun jarumi kar ya ruɗe ka. Ewan McGregor ya shafe shekaru yana kauce wa tambayar ko zai sake fitowa a matsayin Obi-Wan Kenobi na finafinan Star Wars, sai a 2019 aka tabbatar zai koma. Yarjejeniyar rufe baki jarumai suke sa wa hannu. Haka kuma wanda ya ce “zan so in dawo” buri kawai ya faɗa, ba kwantiragi ba.

Sai majiya. Ni ina jiran sanarwar kamfani, ko rahoton kafafen labaran fim irin su Variety, Deadline ko The Hollywood Reporter. Tallar fim da ka gani a YouTube, duba tashar da ta ɗora ta. In ba ta kamfanin ba ce, akwai yiwuwar haɗin kwamfuta ne. Kalli fuskar sosai: fata sumul babu ko tamoji, leɓe ba ya tafiya daidai da magana, kayan jikin kuma na tsohon fim ne aka yanko.