Cire abin da ya maƙale a hanci: kurakuran da ke sa inshora ta ƙi biyan asibiti

Wata safiyar Asabar wata Hajiya daga Agege ta shigo ƙaramin asibitin da nake aikin lissafi, riƙe da hannun jikanta ɗan shekara uku. Ta ce, "Likita, kwana huɗu ke nan majina mai wari na zuba ta kafar hancinsa ta dama, ɗayar kuwa lafiya lau." Likita ya haska fitila, ya sa hantsaki, ya zaro guntun soson katifa da ya yi baƙi ƙirin. Minti goma bai cika ba. Amma takardar neman kuɗin wannan aikin ta shafe wata biyu tana kai-komo tsakaninmu da kamfanin inshora, kuma laifina ne. Na ga an rubuta "mura" a katin karɓar majiyyaci, sai na sa lambar mura, na nemi kuɗin cire abu daga hanci. Mai tantancewa na kamfanin ya ga cuta daban, aiki daban, ya dawo mini da ita.

Wannan shi ne kuskuren da na fi gani a wajen masu aikin lissafin asibiti: ɗaukar lambar cuta daga koken da aka zo da shi, maimakon abin da likita ya gano. A ICD-10, wato kundin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, abu a kafar hanci lambarsa T17.1. In ya shige cikin kogon ƙashin da ke gefen hanci, T17.0 ke nan, kuma ba kasafai ake ganin haka ba, don haka kada ka sa ta sai likita ya rubuta ƙarara. Kunne T16 ne, maƙogwaro T17.2. Akwai kuma abin da ya daɗe a hanci har ma'adinai suka taru a kansa ya zama kamar tsakuwa. Wannan yana ƙarƙashin J34.8. In kamfanin da kake hulɗa da shi yana bin tsarin Amurka, wato ICD-10-CM, lambar ba ta cika sai da harafi na bakwai: T17.1XXA lokacin da ake kan cire abin, T17.1XXD idan an dawo duba ciwon. Mantawa da waɗannan X guda biyu kaɗai ya isa kwamfuta ta yi watsi da takardarka tun kafin ɗan Adam ya gan ta.

Sai lambar amincewa, wato lambar da kamfanin inshora ke bayarwa don nuna ya yarda a yi aikin zai biya. Tun da dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ta 2022 ta maye gurbin tsohon tsarin NHIS ta kuma wajabta inshorar lafiya, ga kuma shirin inshorar lafiya na Ilera Eko na jihar Legas da hukumar LASHMA ke gudanarwa, 'yan uwanmu na Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago masu zuwa da katin inshora sun ƙaru. Tsarin yana da hawa biyu. Akwai ƙananan ayyuka da suka shiga cikin kuɗin da HMO, wato kamfanin inshorar lafiya, ke biyan asibiti duk wata a kan kowane mai rajista, akwai kuma manya da ake biya ɗaya bayan ɗaya, su ne ke buƙatar lambar amincewa. Buɗe yarjejeniyarku da kowane kamfani ka ga hawan da cire abu daga hanci ya faɗa, domin ba lallai ta zo ɗaya da ta wani kamfanin ba. In yaro ya ƙi tsayawa, aka ce sai an kai shi wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja ko na LUTH, a nemi lambar kafin su kama hanya. In ba haka ba, uba zai sha cunkoson Legas ya isa, a ce masa ya biya daga aljihunsa.

Wuri guda ne ba a jiran lamba, kuma ina roƙon duk mai zama a teburin karɓar kuɗi ya riƙe wannan. Idan abin da yaron ya cusa ƙaramin batirin agogo ne ko na abin wasa, mai kama da maɓalli, to yana ƙona naman hanci cikin 'yan sa'o'i, har ya huda bangon da ya raba kafofin biyu. Haka ma maganaɗisu biyu da suka manne ta ɓangarorin bangon. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana a ƙi yi wa mutum maganin gaggawa saboda kowane dalili. A cire tukuna, a sanar da kamfanin cikin wa'adin da yarjejeniya ta tanada, a rubuta lokacin isowa da lokacin cirewa. Kalmar "batir" a rubutun likita ita ce hujjarka cewa gaggawa ce.

Masu hulɗa da inshorar ƙasashen waje, ko masu yi wa asibitocin Amurka lissafi ta intanet, suna amfani da CPT, wato lambobin ayyukan jinya na Ƙungiyar Likitocin Amurka. Uku ne a nan. 30300 cirewa ce irin ta ɗakin duba marasa lafiya, kamar ta jikan Hajiya. 30310 sai an sa majiyyaci cikakken barci na tiyata. 30320 kuwa sai an yanka gefen hanci an buɗe. Inda ake tuntuɓe shi ne tsakanin ta farko da ta biyu. An ba yaro ɗan maganin kwantar da hankali, ko an fesa masa na kashe zafi, ko kawai an shiga da shi ɗakin tiyata, sai mai lissafi ya sa 30310 don ta fi kuɗi. Ba daidai ba ne, kuma in aka maimaita ya zama ha'inci. Abin da ke halatta ta shi ne takardar likitan barci mai nuna irin barcin da aka sa da lokacinsa. Haka kuma kuɗin duba majiyyaci a rana ɗaya da cirewar ba ya tsayawa da kansa, sai in likita ya yi wani bincike na daban mai muhimmanci. A nan ne ake liƙa alamar 25 a jikin lambar dubawar.

Duk waɗannan sun rataya ne a kan rubutun likita, kuma likitocinmu suna cikin sauri. "An cire, an sallama" ba ya biyan ko sisi. Ni yanzu fayil ba ya wuce teburina sai na ga abu biyar: mene ne abin, wace kafa ce, da me aka cire shi, wane irin maganin zafi ko barci aka ba da, sannan yaya hancin yake bayan an gama. In ɗaya ya ɓace, nakan ɗauki fayil ɗin in tsaya a ƙofar likita kafin ya tashi, in ce, "Ranka ya daɗe, dama ce ko hagu?" Shi zai cike da hannunsa, ya sa kwanan wata. Kada ka taɓa cike masa da naka, ko da kana wajen aka yi aikin.

In kuma an riga an dawo da takardar, karanta dalilin da suka bayar, ka gyara wannan wurin kaɗai, ka haɗa da kwafin rubutun likita da lambar amincewa, ka mayar a matsayin gyara kafin wa'adinsu ya cika. Sake tura ta kamar sabuwa yana sa su ɗauka sau biyu kake neman kuɗin aiki ɗaya.